Fuskata take fara kallo idan ciwon ya tashi

'Yata tana da sikila. An gano haka tun ba ta cika shekara ba, lokacin da hannayenta da ƙafafunta suka kumbura, ta dinga tsala ihu ba ta yarda a taɓa ta. Likita ya ce wannan kumburi na cikin alamun da ciwon ya fi fara nunawa da su a jarirai, kuma bai cika fitowa kafin wata shida ba, domin har zuwa lokacin irin jinin da jariri ya zo da shi daga ciki yana ba shi kariya. Aka ɗebi jinina da na abbanta, aka tarar dukkanmu AS ne, wato muna ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba mu da ciwon. Likitan ya zana mana a takarda cewa duk cikin da zan ɗauka akwai kashi 25 cikin 100 ɗan ya zo SS, kuma kowane ciki da nasa lissafin. Haihuwar ɗaya mai ciwon ba ta nufin uku na gaba sun tsira.

Abin da ya shafi magani ban wahala wajen koyonsa ba, tsoro ya sa na haddace komai. Na san jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya sukan kai kwana 120 suna aiki, nata kuwa tsakanin kwana 10 zuwa 20 sun mutu, shi ya sa kullum jininta a ƙasa yake, farin idonta kuma yakan yi rawaya. Na san idan iskar da ke cikin jini ta yi ƙaranci sai ƙwayoyin su sandare, su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma inda suka toshe nan ciwo yake tashi. Fenisilin safe da yamma har ta kai shekara biyar, folik asid, alluran rigakafi a kan kari. An koya mini yadda zan lalubi saifarta a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, saboda a ƙananan yara saifa na iya tara jini ta kumbura cikin 'yan sa'o'i. Daga shekara biyu aka fara duba gudun jini a jijiyoyin kanta da na'ura sau ɗaya a shekara, don gudun shanyewar ɓarin jiki, kuma za a ci gaba har ta kai 16.

Duk wannan na riƙe shi daram. Abin da babu wanda ya rubuta mini a kati shi ne yadda zan yi da kaina.

Barcina ya zama rabi da rabi. Cikin dare sai in tashi in dafa goshinta, in koma in kwanta, in sake tashi. Da rana kuwa in ta ɗan yi shiru, ko ta zauna alhali sauran yara na guje-guje, sai gabana ya faɗi, in ce, "Ina ke miki ciwo? Ƙafar ce? Bayan ne? Faɗa mini gaskiya." In ta ce babu, ban yarda ba. In ta ce akwai, kafin ta rufe baki hawaye sun zo mini, ina kai da kawowa a ɗaki, ina neman mayafi da kati da makulli a lokaci guda. A ganina a lokacin, iyakar kulawar uwa ke nan.

Tana da kamar shekara bakwai na farka wani dare na ji numfashinta ba daidai ba. Na kunna fitila na tarar ta cusa gefen matashi a baki tana cizo, gumi ya jiƙa mata wuya, ta naɗe ƙafa ɗaya a ƙirji. Daga yadda zanen gadon ya cukurkuɗe na san ta daɗe a haka. Na ce, "Me ya hana ki tashe ni?" Ta ce, "Umma, ba na son ki yi kuka ne."

Aka ba mu gado a asibiti. Ciwon da aka bari ya yi nisa ya fi wuyar kwantarwa, sai da aka haɗa da ƙarin ruwa da allurai masu ƙarfi. Ranar da za a sallame mu, wata sista da ta daɗe da saninmu ta ja ni gefe. Ta ce, "Maman yarinya, akwai wata malama a nan, masaniyar halayyar ɗan Adam ce, tana zama da iyayen yaranmu. Ki je ki gan ta." Na ce ai ba ni ce marar lafiyar ba. Ta ce ta sani, amma in je dai. Kunyarta na ji na je.

Na zaci nasiha za a yi mini a kan haƙuri, abin da kunnena ya riga ya gaji da ji. Malamar ba ta ko ambaci haƙuri ba. Tambayarta ta farko ita ce: idan yarinya ta ce miki ciwo ya tashi, me kike yi a minti biyar na farko? Na fara lissafa magunguna. Ta ce a'a, kafin magani. Ina kike tsayawa, me kike cewa, yaya muryarki take, me hannuwanki suke yi? Na rasa amsa, domin ban taɓa kallon kaina a wannan lokacin ba. Ita kuwa yarinyar kullum tana kallona.

Malama ta ba ni labarin wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 1985. An ɗora jarirai 'yan shekara ɗaya a kan teburin gilashi wanda tsakiyarsa, in ka leƙa, sai ka ga kamar akwai ɗan rami a ƙasa. Uwa tana tsaye a ɗaya gefen. Jariri ya rarrafo bakin ramin ya tsaya, ya ɗaga kai ya dubi uwarsa. Inda uwa ta nuna tsoro a fuska, ko jariri ɗaya bai tsallaka ba. Inda ta saki fuska tana murmushi, mafi yawansu sun wuce. Ramin ɗaya ne, gilashin ɗaya ne. Yaro in ya rasa gane girman abin da ke gabansa, fuskar babba yake dubawa ya auna. Ta ce yaro mai ciwo ma haka yake yi da abin da yake ji a jikinsa: ciwon na nan, na gaske ne, amma ko wannan ciwon na mutuwa ne ko na wucewa, a fuskar uwarsa yake karantawa.

Aikin farko da ta ba ni na rubutu ne. Ƙaramin littafi, kowane shafi a raba shi biyu. A gefe ɗaya abin da ya faru da yarinya, a ɗayan abin da ya zo mini a rai da abin da na yi. Na raina aikin, amma da shafuka suka taru sai na ga wani abu da ban san da shi ba. Kusan duk inda na rubuta "ta ce ƙafarta", a gefensa akwai jimla ɗaya: "wannan karon ba za ta tashi ba." Ko ciwon ya wuce da farasitamol kafin azahar, wannan jimlar na nan. Wato ƙaramin ciwo da babba duk da ƙarfi ɗaya nake tarbarsu, jikina bai san bambanci ba.

Daga nan ta sa na rubuta duk abin da ke hana ni barci, komai ƙanƙantarsa, sannan mu rarraba. Ta ce tun 1984 wasu masana biyu, Richard Lazarus da Susan Folkman, suka bayyana cewa mutum yana tunkarar damuwa ta hanya biyu: ko dai ya kama matsalar ya yi aiki a kanta, ko ya lallashi zuciyarsa ta iya ɗaukar abin da ba zai sauya ba. Kowacce da wurinta. Wahalar tana zuwa ne in aka musanya musu wuri. Zazzaɓin dare abin a tashi a yi aiki ne, ba a zama a yi masa jimami. Tambayar ko za ta yi tsawon rai kuwa babu aikin da zai amsa ta ƙarfe biyun dare, ko sau nawa na dafa goshinta, ko shafi nawa na buɗe a intanet. Da muka gama rarrabawa, abubuwan da ke da abin yi sun fi yawa nesa ba kusa ba. Waɗanda ba su da shi 'yan kaɗan ne, amma su ne suka cinye mini dare.

Na farkon muka kai wa likitanta, muka fito da takarda guda wadda har yau tana manne a bayan ƙofar ɗakinmu. Ban taɓa samun abin da ya sauƙaƙa mini rayuwa kamar takardar nan ba, ga shi babu wani abu sabo a cikinta. Sama an rubuta abin da za a yi a gida: a tambaye ta lambar ciwon daga sifili zuwa goma, a ba ta maganin da likita ya ƙayyade daidai nauyinta kuma a bi agogo, kada a jira sai ciwon ya dawo, a ba ta ruwa a kai a kai, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ban da ƙanƙara ko ruwan sanyi. In lokacin da likita ya ɗiba ya cika lambar ba ta sauka ba, a tafi asibiti. Ƙasa kuma, da jan biro, abubuwan da ba a tsayawa shawara a kansu: zafin jiki ya kai digiri 38.5 (wasu asibitocin 38 suke sawa), ciwon ƙirji ko tari ko numfashi sama-sama, matsanancin ciwon kai, rashin ƙarfin hannu ko ƙafa a ɓari ɗaya, karkacewar baki ko harɗewar magana, jiki ya yi fari fat ta yi laushi, ciki ya kumbura ta gefen saifa. Jaka kuma kullum a haɗe take, da kati da kayan sawa da caja.

Amfanin takardar shi ne ta ɗauke mini yanke hukunci a lokacin da kaina ya ɗau zafi. Da can kowane ciwo sai na yi gardama da kaina: in tafi, in jira, in na jira na yi sakaci, in na tafi na wahalar da ita a banza. Wannan gardamar ce yarinya take gani a fuskata. Yanzu ma'aunin zafi ne yake magana. In ya nuna 37.4 kuma babu ko ɗaya daga cikin na jan biro, mun san me za mu yi, mu yi shi bi da bi. In ya nuna 38.6 ma mun sani. Tsoron bai tafi ba, amma hannuna ya samu abin yi, kuma uwar da ke auna magani a sirinji ba ta kama da uwar da ke zagaye ɗaki tana salati da ƙarfi.

Sashen da ya fi ba ni wuya, wanda har na yi musu da Malama a kansa, shi ne na magana. Ta ce in rage tambayar ciwo. In tambaya sau ɗaya, in yarda da amsar, in ba da magani, sannan in ja hankalinta zuwa wani abu har lokacin dubawa na gaba ya yi. Na ce wannan ai rashin tausayi ne, ɗanka na murƙususu kana kawo masa zancen wasa? Ta ce ba ni kaɗai ke ganin haka ba. A 2006 wata mai bincike a Jami'ar Vanderbilt, Lynn Walker, ta tara yara, wasu masu yawan ciwon ciki wasu lafiyayyu, aka sa su shan ruwa har cikinsu ya cika ya dame su. Aka raba iyayensu kashi uku. Kashi ɗaya aka ce su mai da hankali kan abin da yaron ke ji, su yi ta tausaya masa. Kashi na biyu su ɗauke masa hankali da wata hira. Na uku ba a ce musu komai ba. Yaran kashin farko koke-kokensu sun kusa ninkawa, na kashi na biyu sun ragu da rabi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshen labarin: da aka tambayi iyayen yara masu ciwon cikin, sun fi zargin ɗauke hankalin da cutar da yaro, yaran kuwa suka ce shi ya fi sa su jin sauƙi.

Har "kada ki damu, ba komai" ta ce in yi hattara da ita. Masu bincike a Kanada sun nuna a 2010 cewa idan iyaye na maimaita irin wannan lallashi lokacin da ake wa yaro allura, yara sukan fassara shi da cewa iyayen ne suka tsorata. Da na yi tunani na ga gaskiya ne. Ba a cewa "ba komai" sai in akwai komai, kuma yaro ya san haka tun kafin ya iya ɗaura takalmi.

A nan akwai iyaka, kuma Malama da kanta ta ja layin kafin in tambaya. Cikar ciki da ruwa daban, toshewar jini a ƙashi daban. Ciwon sikila na cikin mafi tsananin ciwon da ɗan Adam ke ji, kuma babban abin da masu shi ke kuka da shi a ko'ina shi ne a ƙi yarda da su, a ce raki ne ko neman magani. Ɗauke hankali ba ya maye gurbin magani, bayansa yake zuwa. Kuma ba a yi wa yaro ƙarya. Duk uwar da ta ji wannan bayani ta koma gida ta ce wa ɗanta "daure, ba wani ciwo ba ne", ta ji rabi ta bar rabi.

Wurin ɗibar jini na fara gwadawa, domin nan ne muka fi yin dambe. Da can mutum biyu ke danne ta a gado, ni ina riƙe da kanta ina cewa "yi haƙuri, yi haƙuri, an kusa gamawa", muryata na rawa. Wannan karon tun a gida na gaya mata: yau za a ɗebi jini, zai yi zafi kamar na ƙiftawa biyar, daga nan ya wuce. Na ce ta zaɓi hannun da za a ɗiba, ta zaɓi ko za ta kalla ko za ta kawar da kai. Ta zaɓi hagu, ta ce ba za ta kalla ba. Na ɗora ta a cinyata, bayanta a ƙirjina, na zagaye ta da hannu ba tare da matsewa ba. Da sista ta ɗaura robar nan a damtsenta, na ji jikinta ya sandare, nawa ma ya so ya bi. Na ja numfashi a hankali yadda za ta ji ƙirjina na tashi yana sauka, na ce, "Wai wace ce kika ce ta ɓoye wa malaminku alli rannan? Ban gane ƙarshen labarin ba." Ta yi shiru. Allura ta shiga, ta ce "wash", hawaye ɗaya ya gangaro. Can sai ta ce, cikin shessheƙa, ai ba ɓoyewa ta yi ba, a aljihunta ta manta da shi. Kafin ta gama kare ƙawarta an cika kwalba biyu an manna auduga. Ban ce mata "kin ga ba zafi" ba, domin da zafi. Na ce, "Na ga yadda kika riƙe hannun bai motsa ba." Da muka fito ƙafafuna ne suka ƙi ɗaukata, sai da na zauna a benci.

Ba kullum abin ke tafiya haka ba. Akwai ranakun da babu labarin da ke shiga, sai kuka, sai in riƙe ta kawai in yi shiru. Shirun ma koyonsa na yi.

Sai maganar makaranta da wasa, inda na fi taurin kai. Na hana ta gudu, na hana ta fita in gari ya yi sanyi, in ta yi atishawa ranar babu makaranta. Malama ta ce likitoci biyu a Amurka, Morris Green da Albert Solnit, sun rubuta a kan irin wannan tun 1964: yaran da iyayensu suka taɓa fid da rai da su, aka ci gaba da riƙonsu kamar yau za su tafi, sai su taso da wahalar rabuwa da uwa, da matsalar barci, da baya a karatu, suna ganin jikinsu ba abin dogaro ba ne. Na ce nata ciwon ai bai wuce ba, yana nan. Ta ce haka ne, shi ya sa ba ni ko ita za mu yanke ba, likita za mu tambaya abu ɗaya-ɗaya. Amsar likita ta ba ni mamaki. Ta yi wasa, ta yi gudu, in ta gaji ta huta ba sai an ce mata ba, ta sha ruwa, ta sa rigar sanyi, kada ta daɗe da jiƙaƙƙun kaya. Ya rubuta wa makaranta wasiƙa cewa a bar ta da gorar ruwa a aji, a kuma bar ta ta zaga duk lokacin da ta nema, domin ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa sosai, fitsari na yawaita. Wannan ne ma dalilin fitsarin kwancen da ta daɗe tana yi, wanda take jin kunyarsa ƙwarai, har sai da ta ji daga bakin likita cewa ba laifinta ba ne.

Na sake ta, a hankali. Kuma ba da jimawa ba ciwo ya tashi bayan wata ranar wasanni a makaranta, muka kwana asibiti. Masu zuwa dubiya ba su rasa abin faɗa ba: ai da ma bai kamata a bar ta ba. Na koma littafina na duba, na ga watannin da na kulle ta a ɗaki ma ciwon bai fasa tashi ba. Ita kuwa tana kan gadon asibiti, da robar ƙarin ruwa a hannu, labarin tseren take ba duk wanda ya shigo, wai ta zo ta huɗu.

Abbanta nasa salon daban ne. Shi in abu ya dame shi shiru yake yi, ya ƙara sa'o'in aiki, ya dawo ya tambayi ko an sha magani, shi ke nan. Na daɗe ina fassara wannan da rashin damuwa, shi kuma yana ganin ni ce ke tayar da hankalin gidan. A ƙarƙashin wannan duka akwai maganar AS ɗin da ba mu taɓa yi da baki ba, kowa na ɗauke da nasa kason a ɓoye. Malama ta nemi ya zo zama ɗaya. Da ƙyar ya yarda, kuma rabin lokacin agogo yake dubawa. Amma da ta tambaye shi me ya fi tsoro, sai ya ce kada wata rana a kira shi a waya yana nesa. Ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. A hanyar komawa na ce, "Abban yara, ashe kai ma ba ka barci." Ya ce, "Wa ya gaya miki ina yi?"

Muka raba dare. In muna asibiti, ko ciwo ya tashi a gida, ɗaya ya tsaya ɗaya ya kwanta a wani ɗakin, kuma wanda ya kwanta ba ya leƙowa. Sai ga shi ya fi ni iya ɗauke mata hankali, ba ya ko ƙoƙari. Ya zauna gefen gado ya ɗauko wasan kati, ya yi ta yin magudi a fili don ta kama shi.

Ƙaninta, wanda ya zo AA, shi ne wanda aka manta da shi ba da gangan ba. Wata rana ya ce shi ma yana son a ba shi sikila, don a riƙa kwana da shi. Tun daga nan yake da nasa lokacin da ni, ko na rabin sa'a ne, wanda ba a ambatar asibiti a ciki.

Saura 'yan abubuwan nan da ba su da abin yi. Malama ba ta ce in daina kuka ba, cewa ta yi in sama masa wuri da lokaci. Nawa wurin bayan sallar asuba ne, kafin gida ya tashi, nan nake faɗa wa Ubangiji abin da ba na faɗa wa kowa. Akwai kuma ƙawa ɗaya, ita ma uwar mai sikila ce, da nake kira in abin ya cushe. Na fita daga wani zauren WhatsApp na iyaye inda kusan kullum da dare sai an sa hoton yaron da ya rasu. Ban ga laifin masu sawa ba, baƙin ciki ne ke neman abokin tarayya, amma ni ba zan iya karanta wannan ƙarfe sha ɗaya in tashi da sakakkiyar fuska ba. Malama ta kuma yi mini tambayoyin da ake auna ciwon damuwa da su, ta ce idan ƙuncin rai da rashin sha'awar komai suka zarce mako biyu kusan kullum, wannan ya wuce gajiya, ciwo ne da ke da nasa maganin, kuma iyayen yara masu doguwar jinya sun fi sauran iyaye faɗawa cikinsa. Ba ta ce in ɓoye wa yarinya komai ba. In ta gan ni a wani hali ta tambaya, nakan ce, "Na ɗan damu ne, amma na san abin da za mu yi." Duka biyun gaskiya ne.

Akwai wani abu da ke ba ni haushi, kuma ina jin sa har a bakin masu ilimi. Da zarar an ce halin iyaye na shafar yaro, sai wasu su juya maganar ta zama sanda: hankalinki ne ya tayar mata da ciwo. Natsuwata ba ta miƙe ƙwayar jini ko ɗaya ba. Abin da ya rage mata tashin ciwo a zahiri shi ne haidroksiyuriya, maganin da ke ƙara irin jinin nan na jarirai a jiki, wanda tun 1995 babban gwaji a kan manya ya nuna yana rage tashin ciwo da kusan rabi, daga baya aka tabbatar da amfaninsa ga yara. Uwar da ba ta da mai karɓarta da dare, ko take lissafin yadda za ta sayi maganin wata mai zuwa, ba darasin numfashi ne farkon abin da take bukata ba. Abin da ya sauya ta dalilina ya fi wannan ƙanƙanta, amma na gan shi da idona. Yarinyar da ke cizon matashi yanzu takan zo da kanta ta ce, "Umma, gwiwata uku ce, ina ga in sha magani tun yanzu." Ciwon da aka tara tun yana uku sau da yawa a gida yake ƙarewa. Tana barci a ɗakinta. Ta daina duba fuskata kafin ta amsa tambayar likita.

Yanzu ta shiga shekara goma sha biyu, mun shiga wani sabon mataki da ban gama iyawa ba. Likita ya ce lokaci ya yi da za ta fara riƙe ciwonta da kanta, domin shekarun da yara ke komawa asibitin manya na cikin lokutan da masu sikila suka fi shiga haɗari, musamman wanda ya girma bai san sunan maganinsa ba. An saya mata akwatin ƙwayoyi mai gidan kowace rana, ita ke cikawa ranar Lahadi, ni kuma sau ɗaya a mako aka yarda in duba. Ta tsallake kwana biyu a makon da ya wuce. Na ga ƙwayoyin kwance a gidajensu, bakina ya yi ta ƙaiƙayi, na bari sai da yamma na tambaye ta wane lokaci ne ya fi mata sauƙin tunawa. Ta mai da shi bayan goge baki da dare.

A ganin likita na gaba ita kaɗai za ta fara shiga, ni in jira a waje sai an kira ni. Ta riga ta rubuta tambayoyinta a takarda. Ɗaya a kan ko za ta iya koyon iyo ne, ɗayar kuma tana son sanin yaushe za ta kamo ƙawayenta a tsawo, tunda duk sun wuce ta. Na san amsar ta biyun, masu sikila sukan yi jinkirin girma da shekara ɗaya ko biyu sannan su kamo. Na buɗe baki zan faɗa mata, ta ce, "Umma, bari dai in tambaye shi da kaina."